Karatu Da Ido A Ɗaure: A Duba Kafin A Biya



Kwanan baya, bayan an tashi daga Islamiyya, wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa ta nuna mini bidiyo a wayarta. Wata yarinya ce da ba ta wuce shekara takwas ba, an ɗaure mata ido da baƙin ƙyalle, amma tana karanta lambar jikin takardar naira tana faɗin launin kati. Masu shirin sun ce kwana biyu kacal suke buƙata su "tayar da tsakiyar ƙwaƙwalwar" yaro, ya riƙa gani da yatsunsa. Ta ce, "Malama, ina kwasar adashina zan kai yarona a yi masa."

Na ce ta sake kunnawa, wannan karon ta dubi kan yarinyar. Sai ga shi tana ɗaga haɓa sama, tana riƙe takardar daidai ƙirjinta. 'Yar'uwa, ki gwada da ɗankwalinki. Duk yadda kika ɗaure ido, akwai 'yar kafa da ke saura a gefen karan hanci, kuma ta nan ake leƙe.

Abin ba sabo ba ne. Tun wajajen 1962 aka yi ta yayata wata mata mai suna Rosa Kuleshova a Tarayyar Sobiyat, wai da yatsu take karatu, daga baya aka kama ta tana leƙe. A Indiya, inda cibiyoyin irin wannan horo suka yawaita wajajen 2015, wani malamin kimiyya, Narendra Nayak, ya yi ta nuna wa jama'a cewa da zarar an toshe kafar nan sosai, baiwar ta gudu. Ita kuwa tsakiyar ƙwaƙwalwa, lallai akwai ta, amma ba barci take yi ba. Tun ranar haihuwa take aiki, tana taimakon motsin ido da ji.

Mu nan Illela mun saba da masu dabo da masu tallar maganin kaifin kai a kasuwa, daga nan har Ƙonni. Bambancin kawai, waɗannan da kwat da kwamfuta suke zuwa, shi ya sa har masu boko ke faɗawa.

Ni dai ba asarar kuɗin ta fi damuna ba. Yaron nan ya san leƙe yake yi. Ya ga an kashe kuɗi saboda shi, ya ga mahaifiyarsa tana murna tana kiran maƙwabta su zo kallo. Da wane baki zai ce mata, "Inna, gani nake yi"? Sai ya ci gaba, kullum yana yaudarar wadda ta haife shi, ana yi masa tafi. Mu a aji muna fama da koya masa gaskiya da riƙon amana, a gida kuma ana saka masa da yabo a kan ƙarya. Ga kuma haɗarin ya tashi yana jin ya san ɓoye, alhali sanin gaibu na Allah ne shi kaɗai.

Na shawarci uwar nan, kafin ta biya ko sisi, ta nemi a sa takardar cikin ambulan, ko a riƙe ta a bayan ƙeyar yaron, ko a kashe fitila. In suka ce shakkarta ce za ta ɓata aikin, ta ɗauki jakarta ta fito. Ta yi dariya ta ce za ta fara gwada ɗankwalin tukuna.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.