Yadda ɗalibai 27 suka kai batun sauyin yanayi gaban Kotun Duniya

A ranar 23 ga watan Yulin 2025, alƙalan Kotun Duniya ta ICJ da ke birnin Hague suka yi magana da murya ɗaya: kare duniya daga hayaƙin da ke ɗumama ta wajibi ne na shari'a a kan kowace ƙasa, kuma wadda ta yi sakaci har wata ta cutu, ana iya neman ta biya diyya.

Maganar ta samo asali ne a 2019, a wani ajin koyon aikin lauya na Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Port Vila, babban birnin Vanuatu. Ɗalibai 27 daga tsibiran yankin suka yanke shawarar neman kotu mafi girma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fayyace haƙƙin da ke wuyan ƙasashe kan sauyin yanayi.

Abin da ya kai su ga nasara shi ne sun gano ƙofar da za su ƙwanƙwasa, suka kuma samu gwamnatin da za ta shiga da su.

Me ya sa Vanuatu?

Ɗalibi ko ƙungiya ba su da hurumin shigar da buƙata a ICJ. Sai Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ko wasu hukumominta ne ke iya neman ra'ayin kotun. Saboda haka ɗaliban suka rubuta wa shugabannin ƙasashen Fasifik, kuma Ralph Regenvanu, ministan harkokin wajen Vanuatu na lokacin, ya karɓe su.

Vanuatu, mai mutane dubu ɗari uku da 'yan kai, ta san ciwon. Guguwar Pam ta 2015 ta yi mata ɓarnar da aka ƙiyasta ta kai kusan kashi biyu bisa uku na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara, alhali hayaƙin da take fitarwa bai taka kara ya karya ba.

Ƙasar Palau ta gwada irin wannan yunƙuri a 2011 bai kai ko'ina ba. A wannan karon an raba aiki: jakadun Vanuatu na lallashin gwamnatoci, matasa kuma na haɗa kai da takwarorinsu na Afirka, Asiya, Turai da Latin Amurka domin kowa ya matsa wa gwamnatinsa. A ranar 29 ga Maris 2023 Babban Zauren ya amince da ƙudurin ba tare da kaɗa ƙuri'a ba, da goyon bayan ƙasashe sama da 130.

Abin da kotun ta ce

A Disambar 2024 kotun ta saurari ƙasashe 96 da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa 11, ciki har da Tarayyar Afirka. Cynthia Houniuhi, 'yar tsibiran Solomon da ke shugabantar ƙungiyar ɗaliban, na cikin waɗanda suka yi jawabi.

Amurka, Saudiyya da China sun dage cewa yarjejeniyoyin yanayi, irin ta Paris ta 2015, su ne ma'auni. Amma a ƙarƙashin ta Paris, kowace ƙasa ce ke tsara wa kanta yawan hayaƙin da za ta rage. Kotun ta ce wajibin ya wuce nan, domin akwai tsohuwar ƙa'idar da ta hana ƙasa cutar da muhallin wata, akwai kuma dokokin kare haƙƙin ɗan Adam. Ke nan ficewa daga yarjejeniyar Paris, kamar yadda Shugaba Donald Trump ya ba da umarni a Janairun 2025, ba ta sauke nauyin.

Kotun ta ƙara da cewa gazawar gwamnati wajen shawo kan hayaƙi, ciki har da ta hanyar haƙar fetur, gas da kwal, ba da lasisin haƙarsu, ko biyan tallafi a kansu, na iya zama saɓa wa dokar duniya.

Inda gizo ke saƙa

Matsayar kotun tamkar fatawa ce, ba hukuncin da za a tura jami'ai su zartar ba. Amurka da China ba su amince a kai su ICJ ba tare da yardarsu ba. Mai neman diyya kuma sai ya nuna alaƙa tsakanin ɓarnar da ta same shi da sakacin ƙasar da yake tuhuma, kuma kotun ta ce kowace ƙara za a duba ta ne da hujjojinta.

Batun kuɗi ma na nan. A taron COP27 na Masar a 2022 aka amince da kafa asusun rage wa ƙasashe masu rauni raɗaɗin asarar da sauyin yanayi ke jawowa. Alkawuran da aka yi masa a Dubai a 2023 sun tsaya a kusan dala miliyan 700, abin da bai kai ɓarnar ambaliya ɗaya a babbar ƙasa ba.

Amfanin matsayar zai fi fitowa a kotunan cikin gida da teburin tattaunawa, inda lauya ko jakada zai iya kafa hujja da ita.

Takobi mai kaifi biyu ga Najeriya

Afirka na fitar da ƙasa da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Duk da haka ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu. Matsayar kotun ta ƙarfafa bakin ƙasashe irin su Najeriya, Nijar da Chadi wajen neman haƙƙinsu.

Sai dai wajibin ya hau kan gwamnatocin nan ma. Najeriya na haƙar mai, tana kuma cikin ƙasashen da suka fi ƙona iskar gas a banza. Tun a 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke cewa ƙona gas na take haƙƙin rayuwar mazauna wani ƙauye a yankin Neja Delta, amma har yau wutar na ci. Fashewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 ma ta tayar da tambaya kan kula da madatsu, ba yawan ruwan sama kaɗai ba.

A nan ne aikin matasa yake. Najeriya na da Dokar Sauyin Yanayi da aka sa wa hannu a 2021, ga kuma Asusun Kula da Muhalli da jihohi ke samun kaso daga cikinsa. Ɗaliban shari'a na Kano, Zariya, Maiduguri da Sakkwato na iya bin diddigin yadda ake kashe kuɗin, su tattara bayanan asarar manoma da makiyaya, su nemi ɗan majalisa ko lauyan da zai ɗauki batun.

Ɗaliban Fasifik sun shafe shekara shida kafin su ji amsar kotu, da yawansu ma sun gama karatu kafin ranar. Abin da ya riƙe aikin shi ne ƙungiyar da suka kafa, da buƙata guda ɗaya da ba su sauka daga kanta ba.