Bel ɗin da muke ɗaurawa saboda 'yan Road Safety

Jama'a, yawancinmu ba ma jawo bel ɗin mota sai mun hango 'yan Road Safety, ana wuce su kuma a sake shi. Da mun san wahalar da aka sha kafin a gano amfaninsa, da ba mu mai da shi abin kauce wa tara ba.

A 1954 wani likitan sojan sama na Amurka, John Stapp, ya sa aka ɗaure shi a kujera mai gudu da roka, ta haura kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da ita cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Idanunsa suka cika da jini, amma ya tashi da ransa, saboda a ɗaure yake. A Jami'ar Wayne State da ke Detroit kuwa da gawarwaki aka yi ta gwaji, don a san bugun da ƙoƙon kai da haƙarƙari za su iya ɗauka kafin su karye. Abin ba daɗin ji, amma daga nan aka samu ma'aunin da ake ƙera mutum-mutumin gwajin hatsari da shi. Sai a 1959 Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da irin bel ɗin da muke gani yau, mai riƙe ƙirji da ƙugu.

Abin da suka gano shi ne, idan mota ta tsaya farat ɗaya, jikinka bai tsaya ba. Da gudun da take yi za ka daki sitiyari ko gilashi, sannan ƙwaƙwalwa ta daki ƙashin kai, hanta da saifa su daki haƙarƙari. Shi ya sa za ka ga an fito da mutum ba ko ƙwarzane, a ce an auna arziki, kafin magariba a ce ya cika. Karo a gudun kilomita 50 kacal tamkar faɗowa ne daga tsayin mita goma. To ina ga masu taka 140 a hanyar Kaduna zuwa Abuja?

Kuma duk lissafin nan a kan mutum ɗaya a kujera ɗaya aka yi shi, yana ɗaure. Mu kuma a tasha mutum biyu ake cusawa gaban Golf, huɗu a baya, ga uwa da jariri a cinya. Wallahi babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a lokacin karo, nauyinsa kan ninku sau gommai cikin ƙiftawar ido. Wanda ke baya bai ɗaura ba, na gabansa zai murƙushe.

Na san za a ce ajali ne. Haka ne, amma ai da ajalin muke kulle ƙofa da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi.

Ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan Road Safety su fara daga cikin tasha, kafin mota ta tashi: mutum ɗaya a gaba, uku a baya. Kuɗin kujera zai ƙaru, na sani, kuma ni dai zan biya.