Kalma Ce Jagorar Mai Ɗaukar Hoto

A yau da wuya ka sami ɗalibin da ba ya yawo da na'urar ɗaukar hoto a aljihunsa, tunda wayar hannu ta sauƙaƙa abin da a da sai an je shagon mai hoto. Da yawa daga cikinmu muna ɗauka ne don sha'awa kawai, ba don neman kuɗi ba. Sai dai kukan da na fi ji a bakin 'yan'uwa masu wannan sha'awa shi ne basira ta ƙafe. Mutum ya ɗauki abokansa, ya ɗauki faɗuwar rana, ya ɗauki shataletalen cikin gari, daga nan sai ya ce ai babu sauran abin ɗauka a Gombe, sai in an je Abuja ko an sayi kyamara mai tsada. A nawa ra'ayin, ɗalibin harshe ba shi da hujjar yin wannan kuka, domin yana da rumbun da sauran masu ɗaukar hoto ba su da shi, wato kalmomi.

Ni Batangale ne, ban sha Hausa a nono ba. Na tsince ta ne a kasuwa da makaranta da bakin abokai. Duk wanda ya koyi harshe ta wannan hanya ya san cewa kalmar da ya ga abinta da ido ita ke zama a kansa, wadda kuwa ya haddace daga littafi kaɗai ba ta daɗewa. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. Ƙamusun Bargery na 1934 da wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006 cike suke da sunayen kayayyaki waɗanda ɗalibi zai iya kawo ma'anarsu a jarrabawa, amma in an ajiye masa su a gabansa ba zai iya nuna su ba. Wannan matsala ba ta tsaya kan irinmu ba, har 'ya'yan Hausawan da suka tashi a birni tana damun su.

Shawarata ita ce mai ɗaukar hoto ya fita da kalma a zuciyarsa kafin ya fita da waya a hannunsa. Ya zaɓi sana'a guda, ya rubuta kalmominta goma, sannan ya shiga gari neman su. Idan ya zaɓi ƙira, sai ya nemi zuga-zugi da uwar maƙera da masaba da awartaki. Idan ya nufi Tudun Hatsi, akwai mudu da tiya da faifai da matankaɗi, ga dillali, ga ɗan dako, kowanne da irin tsayuwarsa. Ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gombe, maimakon ya ɗauki taron dawaki daga nesa kamar kowa, sai ya matsa ya nemi likkafa da linzami da jalala da ƙaimi. Unguwar BCGA ma sunanta kaɗai ya isa ya tuna mana da zamanin cinikin auduga, to ina gurya da shiɓa da mazari da abawa? Wanda ke neman abu takamaimai idonsa yana buɗewa, har ya ga abin da bai fita nema ba.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu guda, yana kuma kiyaye sunayen kitson. A yau ana nuna su a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Malick Sidibé na ƙasar Mali matasan Bamako ya yi ta ɗauka a wuraren bukukuwansu, kuma da wannan ne aka ba shi babbar lambar girmamawa a birnin Benis na Italiya a 2007. Kusa da mu kuma, Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara aikinta mai suna Bits of Borno a 2015, inda ta nuna 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki, a lokacin da duniya ba ta jin labarin garin sai na tashin bam. Dukansu a ƙofar gida suka sami abin ɗauka. Mu ma muna da shuku da kalaba da doka. Wa ya tara mana su?

Wani zai ce ai wannan aikin adana tarihi ne, ba fasaha ba. Ina ganin biyun ba sa rabuwa. Kalma tana gaya maka abin da za ka nema, amma ba ta gaya maka inda za ka tsaya ko lokacin da za ka danna ba. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya suna fito da zanen ƙwarya da jijiyoyin hannun maƙeri, rana tsaka kuwa tana jefa inuwa mai duhu a ƙarƙashin ido. Hazon hunturu da muke ƙorafi a kansa yana tausasa haske, fuska ta fito sumul. Sanin waɗannan shi ne fasahar, kuma waya mai araha ta wadatar a koye su. Wanda ya ƙware zai iya hawa mataki na gaba, ya ɗauki karin magana guda ya nemi hotonta. A gwada neman hoton "sannu ba ta hana zuwa" a hanyar Dukku ranar kasuwa, a ga yadda tunani zai motsa.

Akwai ladabi da dole a kiyaye. A yi sallama, a gaisa, a faɗi dalili, a nemi izini kafin a ɗaga waya, musamman ga mata da dattawa. Wanda ya ƙi, a ba shi haƙuri a wuce. A guji mayar da talaucin mutane ko almajirai abin ado. Bayan an ɗauka a nuna wa mai hoton, a tambaye shi yadda yake kiran abin, a rubuta tare da wuri da rana. Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin Hausar Gombe ta cuɗanya da Fulatanci da Teranci da Bolanci da sauransu, kuma sau da yawa sunan da za ka ji a nan ya bambanta da na Kano.

Abin da ya sa nake ganin bai kamata mu yi jinkiri ba shi ne garin yana sauya kama da sauri. A 1919 aka dawo da hedikwatar masarauta nan daga Nafaɗa, amma tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 gine-ginen siminti suke ta maye gurbin na ƙasa, roba ta kori ƙwarya, injin niƙa ya kori dutse. Idan abu ya ɓace, sunansa ba ya daɗewa a baki. Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta ware shafi a wannan mujalla, kowace fitowa a buga hotuna biyar da kalmominsu da sunan wanda ya ɗauka. Cikin 'yan shekaru sai a wayi gari mun haɗa ƙaramin ƙamusu mai hotuna wanda ƙannenmu za su amfana da shi. Allah ya ba mu ikon farawa.