ADIRESHIN INTANET DA BAƘAƘEN KOWACE AL'UMMA: RIBA CE KO HASARA GA 'YAN KASUWA?

Jama'a, ba akawun da bai san darajar adireshi ba. Wasiƙa kome kyawunta, in an kuskure suna a bayan ambulan, sai ta faɗa hannun wanda ba shi aka nufa ba. To, haka al'amarin ya ke a intanet. Kowane kamfani yana da suna wanda a ke bugawa a isa shafinsa, da shi a ke ciniki, da shi a ke aika kuɗi daga wata ƙasa zuwa wata.

Sa'ad da aka ƙago wannan tsari na sunaye cikin 1983, baƙaƙe 37 kaɗai aka yarda da su, watau baƙaƙen Ingilishi 26, da alƙaluma 10, da karan ɗori. Balarabe da Basine da mutumin Rasha, kowa tilas ya ari baƙaƙen da ba nasa ba. Mu ma abin ya shafe mu, gama ko da ya ke boko mu ke yi, ɓ da ɗ da ƙ ba su cikin 37 ɗin nan, balle ajami. Ai kuwa kowane malami ya san nisan da ke tsakanin baki da baƙi.

Cikin 2003 masana suka fito da dabara. Mutum ya rubuta suna da baƙaƙensa, sa'an nan kwamfuta ta juya shi a ɓoye zuwa tsofaffin baƙaƙe, ta sa masa alamar xn-- a gaba. Misali, kalmar Jamusanci bücher, watau littattafai, sai ta koma xn--bcher-kva. Cikin Oktoba 2009 hukumar ICANN, wadda ke kula da sunayen nan, ta yi taro a Seul ta Koriya ta Kudu, ta yarda ƙasashe su rubuta ƙarshen adireshinsu da rubutunsu. Watan Mayu na 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka fara da Larabci, Rasha ta bi su cikin watan nan, Sin ma ta samu nata cikin wannan shekara.

Ni a ganina wannan gyara daidai ne, kuma ribarsa ta fi hasararsa. Amma ba gaskiya ba ne a ce ba shi da wahala, kuma mafi yawan wahalar a kan 'yan kasuwa ta faɗa. Bari mu dube ta ɗaya ɗaya.

Ta fari ita ce kuɗi. Dā kamfani mai ciniki a ƙasashe da yawa suna ɗaya ya ke tsarewa. Yanzu sai ya yi rajistarsa da Larabci, da rubutun Rasha, da na Japan, don kada wani ya riga shi. Na Sinanci ma iri biyu ne, tsoho da wanda aka sauƙaƙe. In wani ya riga shi, sai ya kai ƙara, galibi gaban hukumar WIPO ta Janeba, wadda ke raba irin wannan gardama tun 1999. Wanda ya so ya mallaki ƙarshen adireshi nasa na kansa kuwa, cikin 2012 dala 185,000 aka nema kuɗin takardar roƙo kawai. Google da Amazon sun iya, har sun samu sunayensu da rubutun Sin da na Japan. Ina ƙaramin ɗan kasuwa zai ga wannan kuɗi?

Ta biyu ita ce zamba, ita ce kuma mafi muni. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A rubutun Rasha akwai baƙaƙen da ido ba ya rarrabe su da a, da e, da o na boko, amma wurin kwamfuta dabam su ke. Cikin 2005 wasu masu bincike suka nuna adireshin jabu na PayPal wanda baƙi ɗaya kurum aka musanya. Cikin 2017 wani ya sake nunawa da sunan Apple, duk baƙaƙen na Rasha. Mai ciniki ya ga sunan da ya sani, ya saki jiki ya ba da asirinsa. Shi ya yi hasarar kuɗi, kamfani ya yi hasarar mutunci.

Ta uku ita ce ƙin karɓa. Har yanzu akwai shafuka da yawa waɗanda in ka buga musu adireshin imel na Larabci ko na Sinanci sai su ce ba daidai ba ne. Gmail sai cikin 2014 ya fara karɓar irinsu. Saboda haka ne kamfanoni da dama su ke yin rajistar sabon suna su ajiye, ciniki kuwa da tsohon su ke yi.

To, in haka ne, me ya sa na ce riba ta fi? Dalili na fari, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Miliyoyin mutane a Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa sun iya karatu sarai, amma da baƙaƙensu. Mai kantin da ya rubuta allon ƙofarsa da rubutun da masu wucewa ba su karantawa, shi ya kori cinikinsa. Abin da kamfani ya kashe wajen rajista kuɗin allo ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski: wanda ke neman kuɗin mutane, sai ya ɗauki nauyin yi musu magana da rubutunsu.

Dalili na biyu, zambar nan tana da magani, an kuwa soma sha. Masu rajistar Rasha ba su yarda a gauraya baƙaƙensu da na boko cikin adireshin da ƙarshensa ke da rubutunsu ba. Manhajojin buɗe shafuka kuma, in sun ga an gauraya rubutu iri biyu ta hanyar da ba su amince ba, sai su tone asiri su nuna xn-- a fili. Zamba da sunan jabu ta girmi wannan gyara, tun da ya ke da boko zalla ma a kan sa sifiri a madadin o a ruɗi mutane. Ƙin karɓa kuwa sakacin masu gina shafuka ne, don haka aka kafa kwamiti na musamman cikin 2015 ya bi su su gyara.

Saura namu aikin. Fatakenmu na Kantin Kwari da sauran kasuwanni suna sayen kaya Dubai da Guwanju, lalle kuwa za su riƙa gamuwa da adireshin da ba na boko ba. Akawun da ke rubuta musu wasiƙa ya kiyaye abu uku. Kada ya bi adireshin da aka aiko cikin saƙo, ya buga wanda ya sani da hannunsa. In ya ga xn-- inda ya saba ganin sunan kamfani, ya dakata. In an ce an sake wurin biyan kuɗi, ya tabbatar ta wayar tarho tukuna. Malamai kuma su koya wa yara karanta adireshi baƙi baƙi, yadda mu ke koya musu ƙidayar canji. Yaron da ya haɗa boko da Larabci kada a bari ya yar da ɗaya, gama kasuwa tana bukatar duka biyu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana dukiya da mutunci, amin.