Gadar sama ba ta maganin cunkoso

Duk wanda ya taɓa shiga yankin Kantin Kwari, Singa da Sabon Gari da azahar ya san abin da ake kira tsayuwar gari. Tirela ta gindaya tana sauke kaya, Adaidaita Sahu sun yi mata zobe, mai baro yana neman kafa, mai tafiya a ƙasa kuwa ya rasa inda zai ajiye ƙafarsa. Amsar da gwamnatocin Kano suka daɗe suna bayarwa guda ce: a gina gada. An yi ta Ƙofar Nassarawa, an yi doguwar da ta bi ta kan titin Murtala Muhammad, an yi ta Dangi da ta Hotoro. Gadojin suna tsaye, cunkoson ma yana nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan aka faɗaɗa titi, tafiya takan yi sauƙi na ɗan lokaci, sai wannan sauƙin ya jawo waɗanda a da ke kauce wa hanyar, har ta sake cika. A 2011 masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun nazarci biranen Amurka, suka gano cewa zirga-zirgar motoci na ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Birnin Houston ya kashe kusan dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka kammala a 2008, amma cikin 'yan shekaru tafiyar safe da ta yamma ta sake tsawaita. Abin da gada ke yi shi ne ta kwashe cunkoso daga wannan mahaɗa ta zube shi a ta gaba.

Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ya bi wata hanyar. A tsakiyar yankin kasuwancinsa akwai rafin Cheonggyecheon, wanda aka rufe da kankare aka ɗora masa titin sama, motoci fiye da 160,000 na bi ta wurin kullum. A 2003 magajin gari Lee Myung-bak ya sa aka rushe titin. A 2005 aka buɗe rafin mai tsawon kilomita 5.8 ga masu tafiya a ƙasa. Ba a yi rusau aka naɗe hannu ba: a 2004 an sake fasalin motocin safa na birnin, an keɓe musu layi a tsakiyar manyan tituna, an haɗa biyan kuɗinsu da na jirgin ƙasa a kati ɗaya. Tsayuwar da aka yi ta tsoro ba ta auku ba. Aikin yana da nasa aibin, domin 'yan kasuwa da dama da aka tasa daga wurin sun yi asara. Wannan gargaɗi ne a kan yadda za a yi gyara, ba hujjar ƙin yin sa ba.

Masu kare gada sukan ce Kano ba Seoul ba ce, ba ta da irin wannan kuɗi. Maganar ta juya a kansu. Wanda aljihunsa bai da nauyi shi ya fi cancanta ya guji aiki mafi tsada mai amfanar mutane mafi ƙaranci. Yawancin masu shiga Kwari ba su da motar kansu. Tun da aka hana achaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, nauyin jigilar jama'a ya koma kan babur mai ƙafa uku da ke ɗaukar mutum uku ko huɗu. Safa ɗaya tana kwashe fasinjan Adaidaita goma sha biyar, a fili ƙasa da nasu. Legas ta fahimci haka tun 2008, lokacin da ta keɓe wa safa layi daga Mile 12 zuwa CMS.

Abin da yankin ke bukata ba ya buƙatar biliyoyi. A keɓe layin safa a manyan titunan da ke shiga kasuwa. A tsayar da lokacin sauke kaya, manyan motoci su shiga da daddare ko da asuba. A gina hanyar ƙafa mai inuwar bishiyoyi, a kuma ware wa 'yan tebur wuri na dindindin maimakon korar yau da dawowar gobe. A yashe magudanan ruwa, domin ambaliyar da ta lalata dukiya a Kwari a daminar 2022 ta nuna abin da toshewarsu ke jawowa.

'Yan kasuwa ma ba su kuɓuta daga zargi ba. A 1970 masu shaguna a unguwar Bloor West da ke Toronto suka nemi hukuma ta ɗora musu ƙarin haraji, da sharaɗin a kashe shi a titinsu ƙarƙashin kulawarsu. Tsarin ya bazu zuwa birane da yawa. Kasuwar da fatake ke zuwa daga Nijar, Chadi da Kamaru ba ta rasa ƙarfin yin haka ba, kuma ƙungiyoyinta sun saba karɓar kuɗin mambobi. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya a rubuce da lissafi a bayyane.

Gada tana da farin jini ne saboda ana ganin ta daga nesa, ana sa mata suna, ana yanka mata kyalle. Jadawalin safa ba ya yin kyau a allon kamfe. Injiniyoyi, masu tsara birane da 'yan jarida da suka san wannan, amma suka yi shiru a duk lokacin da aka aza harsashin sabuwar gada, suna da kaso a cikin kowace sa'a da ɗan dako da 'yar kasuwa ke ɓatawa a bakin Kwari.