Ku Daina Fesa Wa Maganinmu Guba

Likita ya ce wa dattijo jininsa ya hau, kuɗin ƙwaya ya gagare shi, sai ya koma ga zoɓo da zogale da tafarnuwa. Dubban mutane haka suke rayuwa a ƙasar nan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ganyen da wannan bawan Allah ya dogara da shi don neman lafiya, babu wanda ya damu da yadda aka noma shi. An ɗura masa yuriya, an yi masa feshi da maganin ƙwarin da aka yi don auduga, an tsinke shi kwana biyu bayan feshin, sannan an shanya shi a bakin kwalta. Wannan zalunci ne, kuma marar lafiya ake yi wa.

Amfanin tsiron magani yana cikin sinadaransa. Jan launin nan na zoɓo, yajin citta, ɗacin tazargade, duk abubuwa ne da tsiro ke haɗawa don kare kansa daga ƙwari da cuta da zafin rana. Su ne maganin. Daga wani nau'in tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da sinadarin atemisinin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida, cibiyar NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan na masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. To idan aka cika wa tsiro takin zamani, sai ya karkata ƙarfinsa ga yin tsawo da faɗin ganye, ya cika da ruwa, a tsirrai da yawa kuma waɗancan sinadarai su ragu. Manomi ya samu buhu goma maimakon bakwai, mai jinya ya sha ganye mai kyan gani marar ƙarfi.

A 2014 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Newcastle ta Ingila sun tattara bincike 343 suka auna. Sun gano amfanin gonar da aka noma ba da takin zamani da feshi ba ya fi yawan sinadaran kare jiki, ƙarfen kadmiyom a cikinsa ya yi ƙasa da kusan rabi, sannan wanda aka noma ta hanyar zamani ya ninka shi sau huɗu wajen yiwuwar ɗauke da ragowar guba. Akwai masanan da ke jayayya kan yawan bambancin sinadaran, kuma iri da ƙasa da lokacin tsinka suna da nasu tasirin. Amma batun ragowar guba ba abin musu ba ne.

Kuma mun riga mun ga inda sakacinmu ya kai mu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda gubar nan ta fiya-fiya da 'yan kasuwa ke zuba wa hatsi a ma'aji. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni. Turawa sun kare mutanensu. Mu fa? Zoɓon Jigawa da za a kai Meziko ana tantance shi tun kafin ya hau jirgi, wanda za a jiƙa wa mai jego a Haɗejiya kuwa babu mai dubawa. Ran ɗan Najeriya bai kai na mai sayen waje daraja ba ne?

Masu kirarin "namu na gargajiya ne, ba ya illa" su ma ba zan ƙyale su ba. Lambun da ake shayarwa da ruwan Jakara, ko ruwan da ya kwaso dattin masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa, ko da bai taɓa ganin buhun taki ba, ganyensa na iya ɗauke da ƙarafa masu lalata ƙoda. Ɗanyen kashin kaji da bai ruɓe ba yana kai ƙwayoyin cuta kan ganyen da za a yi kwaɗo da shi. Rubuta "ba sinadari" a jikin leda ba ya tsarkake komai.

Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da tsinkar tsirran magani: ruwa mai tsabta, takin da ya ruɓe sosai, tsinka a kan lokaci, shanya nesa da ƙasa da ƙura. Malaman gona nawa ne suka taɓa kai wannan bayani ga mai lambun zogale a Katsina ko Maraɗi?

Ina kira ga NAFDAC da ma'aikatun gona na jihohi: ku shiga Kasuwar Kurmi da Dawanau ku ɗebi samfur ku auna, ku bayyana sakamakon a rediyo da Hausa. Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya, ku san gonar da ganyenku ya fito. Kai kuma manomi, ka ji tsoron Allah, ka ware fegin magani daban, ka sa masa takin gida da ya nuna, ka nisanta shi da famfon feshi. Wanda zai sha ganyen nan marar lafiya ne.