Kada A Yi Gaggawar Cire Kafireto

Jama'a, tun ran 29 ga watan Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, duk mai tsohuwar akori-kura yana ji a jikinsa. Saboda haka in aka ce masa akwai dabarar da za a cire kafireto a sa injekta, mota ta rage shan mai, lalle zai kasa kunne. To, ni shawarata ga manomi ita ce ya dakata tukuna.

Bari mu ba injekta hakkinsa. Shi kafireto makaho ne: iska ce ke wucewa ta maƙogwaronsa tana zuƙo fetur ta 'yan ƙananan kafofi, bai san ko man ya yi yawa ko ya kasa ba. Injekta kuwa yana da 'yar kwamfuta, wadda makanikai ke kira biren-bos. Akwai sensa a jikin salansa mai shinshinar hayaƙi, wata tana auna zafin ruwan inji, wata kuma tana lura da yadda aka taka totur. Da labarin da suke kai mata take awon mai, watau kashi 1 na fetur ga kashi 14.7 na iska bisa nauyi. Don haka mota takan tashi da asubar hunturu ba sai an ja cok ba, hayaƙi ya ragu, man da ke tafiya a banza shi ma ya ragu. Wannan duk gaskiya ne.

Amma fa aikin ya wuce a kwance wannan a ɗaura wancan. Famfon mai na kafireto a hankali yake turawa, shi kuwa injekta yana bukatar famfon lantarki mai turawa da ƙarfi wajen ninki goma. Ke nan sai sabon famfo, da sababbin tiyo masu jure matsi, da matata mai kyau, galibi har da wani bututun da zai komar da ragowar mai tanki. Sai a huda salansa domin sensa, a ja sababbin wayoyi. Cikakkun kayan da ake sayarwa a Amurka, irin su Holley Sniper, sukan kai dala 1,000 ko fiye, ban da ladan aiki. Mai hankali ya yi lissafin buhun masara nawa ke nan, da kuma kaka nawa zai yi kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Babban abin tsoron ma yana kan hanyar ƙauye. Fijo 504 ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, in kafiretonta ya toshe, ko yaron mota yana iya kwance shi a gindin bishiya, ya wanke da fetur, ya hura, a ci gaba da tafiya. Injekta kuwa ba ya shiri da dauɗa ko ruwa a cikin mai, ga shi sau da yawa a jarkar 'yan bumburutu muke saye. Ba ya shiri da raunin batir. Ran da sensa ɗaya ta mutu, sai an nemo mai kwamfutar bincike daga birni, tumatir kuwa ba ya jiran bakanike.

Ko Turawan da suka ƙago abin sai da suka sha wuya. A 1958 kamfanin Chrysler ya sa injekta na lantarki a 'yan motoci kaɗan, ya ba da wahala har aka mayar wa galibinsu da kafireto. Sai a 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wanda ya zauna, a motar Volkswagen 1600.

Wanda abin zai yi wa rana shi ne ɗan kasuwar da motarsa ke kan kwalta kullum, yana shan mai a gidan mai, yana kuma da gwanin lantarki kusa. Shi ma sai injinsa na da lafiya, gama injekta ba ya warkar da fistin da ya cinye ko inji mai shan baƙin mai.

Manomin da motarsa ke fita ran kasuwa da lokacin kaka kaɗai, ya fara da abin da ke kusa. A sake filogi, a wanke matatar iska ko a sa sabuwa, a daidaita lokacin wuta, a cika tayoyi da iska. Sa'an nan a kai kafireton ga wanda ya san shi, ya sake masa fakin da allura, ya daidaita shi. Bayan haka a cika tanki, a rubuta kilomita nawa aka yi kafin a sake cikawa, a gwada da na da.